Yadda Tahunar Babanmu Ta Zama Gidana

Duk baƙon da ya shigo unguwarmu a nan Gadarif yana nemana, in ya ce a nuna masa gidan Ustaz, yara za su tsaya suna kallonsa kawai, domin ustazai suna da yawa. Amma da zarar ya ce gidan tahuna, ko yaron da bai iya ɗaura wando ba zai kama hannunsa ya kawo shi har bakin ƙofa. Tun shekarar 2017 nake zaune da iyalina a cikin ginin da mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya yi shekaru fiye da arba'in yana niƙa wa mutane dawa a ciki. Wasu abokan aiki sun daɗe suna cewa in rubuta labarin wannan gida, ni kuwa ina ganin ba wani abin faɗa ba ne. Abin da ya same mu a shekarun nan na yaƙi shi ya sa na sake tunani.

Bari in fara daga tushe, saboda ƙananan da ba su san yadda muka zo nan ba. Kakanmu mutumin ƙasar Haɗeja ne. Ya taso da ƙafa da niyyar sauke farali, kamar dubban Hausawa da Fulani da Barebari da suka biyo wannan hanya ta gabas, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Mai Wurno ya ja sauran jama'a har bakin Shuɗin Nilu suka kafa garin da ake kira da sunansa har yau. Kakanmu bai zo tare da su ba, a baya ya biyo sawu. Ya yi noma a nan, ya yi dako a can, yana tara guzuri, har ya iso Gadarif bayan jirgin ƙasa ya shigo garin a 1928. Ya je Makka ta Sawakin ya dawo, ya ce zai huta damina ɗaya kafin ya kama hanyar gida. Daminar nan ɗaya ita ce ba ta ƙare ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Abin da ya riƙe shi ba ɓoyayye ba ne. Ƙasar Gadarif baƙar laka ce mai albarka, dawa da riɗi suna yi a cikinta kamar an roƙa. A tsakiyar shekarun 1940 aka fara noman tarakta a Gadambaliya, yamma da gari, daga nan manyan gonaki suka yi ta yaɗuwa, kuma ko da tarakta ta yi huɗa, yankan riɗi da na dawa sai da hannu. Hannun kuwa da yawansa na mutanenmu ne. Da kuɗin yankan riɗi na shekara da shekaru kakanmu da mahaifinmu suka sayi fili, a ƙarshen shekarun 1960, wajen lokacin da aka gina babban rumbun hatsin nan na gwamnati da ake hangowa daga nesa, Baba ya kafa injin niƙa, wanda a nan muke kira tahuna kamar yadda maƙwabtanmu Larabawa suke faɗa.

Injin Lister ne ƙirar Ingila, mai silinda ɗaya, da manyan ƙafafun ƙarfe biyu a gefe da gefe, ana tayar da shi da hannu. Doguwar bel ce take ɗaukar ƙarfinsa ta kai wa duwatsun niƙa biyu da ke cikin gidansu na ƙarfe, a sama kuma akwai mazurarin da ake juye hatsi. A bayan ɗakin Baba ya gina babban kwarmin siminti na ruwan da ke sanyaya inji. Tun bayan sallar asuba ƙararsa take tashi, tuk, tuk, tuk, ana jinta har bayan unguwa, matan unguwa kuwa da ita suke sanin lokaci. In ta yi shiru da hantsi, to, ko dai bel ta tsinke, ko Baba ya sauke duwatsu yana koɗa su, ko kuma an yi rasuwa.

A cikin wannan ƙara na girma. Kafin in tafi makaranta ni ke jera kwanuka da ƙwarya bisa layi, in na dawo ni ke share garin da ya zuba. Gashin kanmu da girarmu kullum fari fat, har malaminmu na firamare yana kirana tsoho. A bakin ƙofar tahunar nan mata suke zama jiran layi, a nan ake jin wadda ta haihu da wanda zai yi aure da wanda ya dawo daga Hijaz, kuma duk da Hausa ake yi, irin Hausar iyayenmu mai gauraye da Larabci. In na ce rabin Hausar da nake rubutu da ita yau a bakin ƙofar nan na tsince ta, ban yi ƙarya ba.

To, komai ya yi farko zai yi ƙarshe. Wutar lantarki ta shigo unguwanni, aka kakkafa ƙananan injuna masu aiki da ita, ba hayaƙi, ba ƙara mai yawa, ba sai an nemi ƙato ya murɗa hannu ba. Mutane kuma suka rage cin kisra da tuwo, suka koma wa burodin gidan gashi. Bayan Kudu ta ɓalle a 2011, aka rasa yawancin man fetur ɗin da ƙasa take taƙama da shi, man inji ya yi tsada, kayan gyara suka yi wuyar samu. Baba ya yi ta lallaɓa abinsa har ƙarfinsa ya ƙare. A 2012 ya sa kwaɗo ya rufe, shekara ta zagayo Allah Ya karɓi abinsa.

Shekara huɗu ginin yana rufe, ɓeraye da jemagu suna sarauta a ciki. Da aka zo rabon gado, Yayanmu babba, wanda yake sayen riɗi a kasuwar amfanin gona, ya kawo shawarar a sayar da filin a raba kuɗi, domin wani ɗan kasuwa ya yi tayi mai kyau, yana so ya rushe ya gina ma'ajiyar buhuna. Ba zan ce Yaya ya yi kuskure ba. Mu bakwai ne, akwai mata masu marayu, kuma kuɗi yana rabuwa yadda gini ba ya rabuwa. Ni kuwa a lokacin ina gidan haya, ɗaki biyu, da mata da 'ya'ya huɗu, kuɗin haya yana cinye kusan rabin albashi. Na yi kwana uku ina juya maganar a raina, sa'an nan na je na same shi bayan sallar isha'i.

Na ce, "Yaya, ina roƙon a bar mini tahuna a rabona, abin da ya hau kaina in riƙa biyan 'yan'uwa a hankali."

Ya dube ni ya ce, "Niƙa za ka koma, Malam? Ka ajiye alli?"

Na ce, "A'a, zama zan yi a ciki."

Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce, "Duk karatun da ka yi a kwalejin malamai, ƙarshensa ka kwana inda ɓera yake kwana?"

Ba shi kaɗai ya yi dariyar ba. A makaranta abokan aiki suka sa mini suna Ustaz Tahuna. Wasu tsofaffi suka ja ni gefe suka ce wurin da inji ya daɗe yana kuka, kuma aka bar shi shekaru ba kowa, ba a rasa mutanen ɓoye a ciki. Maiɗakina ba ta ce a'a ba, amma ta yi kwana biyu ba ta cika magana ba, wanda ya yi aure ya san ma'anar wannan. Innarmu ce kaɗai ta goyi bayana, ta ce wa Yaya, "Filin nan kakanku da lauje ya saye shi. In kun sayar, me za ku nuna wa jikokinku ranar da aka ce muku baƙi ne?" A lokacin na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai. Sai a watan Yuli na 2022, da rikici ya tashi a jihar Shuɗin Nilu a kan ƙasa da sarauta, aka kashe mutane da yawa, dubbai suka bar gidajensu, har Hausawa suka fito zanga-zanga a nan Gadarif da Kasala da Hartum, sa'an nan na gane abin da ta hango. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.

Da muka buɗe ƙofa don fara aiki, abu na farko da ya ba magini mamaki shi ne bangon bai tsage ba ko ɗaya. Wanda ya san ƙasar Gadarif ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da damina lakar tana shan ruwa ta kumbura, ta kama ƙafar mutum da ta jaki, da rani kuma ta bushe ta dare har yaro ya zura hannunsa. Wannan motsi shi ke karya gine-gine, shi ya sa tun da can mutanen garin suka fi yarda da gutiyya, wato zagayayyar bukkar nan ta itace da ciyawa, wadda in ƙasa ta motsa sai ta bi ta. Amma Baba, saboda tsoron girgizar inji, ya haƙa harsashi mai zurfi ƙwarai ya cika shi da duwatsun da aka kwaso daga tsaunukan gefen gari. Abin da ya yi don inji, shi ya amfane ni bayan shekara hamsin.

Sauran aikin kuwa wahala ce tsagwaronta. Daɓen ya sha baƙin mai har ya ƙoshi, sai da muka fasa shi muka kwashe ƙasar da ke ƙasa wajen kamu biyu, muka zuba yashi da tsakuwa, in ba haka ba warin ba zai bar mutum ya yi barci ba. Garin da ya taru a kan azara da ƙarafan rufi ya daskare kamar siminti, ƙwari sun yi gida a ciki. Rufin kwano ne mai tsawo, da rana kamar tanda, sai muka yi masa silin da zana da gora, irin dabarar masu gutiyya. Ginin ba shi da taga sai ƙananan ramuka can sama, muka fasa tagogi huɗu. Muka ja bango biyu a ciki aka sami ɗakuna biyu, aka bar babban fili a tsakiya, wanda maiɗakina ta yi ta ƙorafin ya yi girma, shara kawai zai ci.

Akwai abubuwa uku da suka ƙi fita. Na farko dandamalin simintin da inji yake zaune a kai, mai manyan kusoshi huɗu. Magini ya yi yini guda yana dukansa da guduma, bai ɓantare ko tafin hannu ba, sai ya ce in haƙura. Muka yanke kusoshin, muka shafe shi, ya zama teburin da nake duba littattafan ɗalibai a kai, a kansa kuma muke cin abinci. Na biyu duwatsun niƙa, ɗaya muka kwantar a bakin ƙofa ya zama matakala saboda laka, ɗaya yana gindin dalbejiya ana zama. Na uku kwarmin ruwa. Shi kam ni'ima ya zama, domin kowa ya san ƙishirwar Gadarif. Ruwan da ake turowa daga Shuwak, bakin kogin Atbara, bai taɓa isar gari ba, yawancinmu da ruwan amalanken jaki muka girma. Muka wanke kwarmin, muka sake shafe shi, muka yi masa murfi, muka haɗa masa indararo daga rufi. Ruwan sama biyu masu kyau suna cika shi.

Yanzu zan zo ga abin da ya fi tsaya mini a rai. A kusurwar gabas, inda Baba yake jibge buhuna, akwai tsohuwar zana da aka kafe a jikin bango. Da leburori suka ɓamɓare ta, sai ga rubutu ya cika bangon tun daga tsayin kafaɗa har ƙasa. Rubutun ajami ne, hannun Baba, da tsinke da baƙin mai ya yi shi, man ya shige cikin shafen har ba ya gogewa. A sama ya rubuta Bisimilla, a ƙarƙashinta shekara, 1405. Sa'an nan sunaye a jere: matar wane malwa biyu, gidan wane kela ɗaya, wance malwa uku. Na ƙirga sunaye sun haura sittin. Kaɗan daga ciki an ja musu layi, sauran suna nan yadda aka rubuta su.

Shekarar 1405 ta Hijira ita ce ta faɗo cikin 1984 da 1985, shekarar fari da yunwa. Ina ɗan shekara biyar ko shida a lokacin, amma ina tuna mutanen da suka yi ta kwararowa daga yamma da kuma ta iyakar Habasha, ina tuna jar dawar agaji ta Amurka da mutane suka sa wa suna Regan, sunan shugaban ƙasarsu na lokacin. Abin da ban sani ba shi ne, ɗan hatsin da Baba yake karɓa a madadin kuɗin niƙa, ashe ba sayarwa yake yi ba, rance yake bayarwa da dare, yana rubutawa a bayan zana inda ido ba ya kaiwa.

Na tsaya a gaban bangon nan na rasa abin da zan yi. Baba bai bar mana wasiƙa ba, bai bar littafi ba, ko hotonsa guda ɗaya ne, na takardar shaida. Wannan ne kaɗai rubutun hannunsa da ya rage a duniya. Na ƙudura a raina ba mai taɓa shi, zan ma sa gilashi in rufe, 'ya'yana su san wane ne kakansu. Da Yaya ya zo ya gani, shi kuma ta wata fuska ya dubi abin, ya ce bashin da mamaci yake bi yana cikin gado, akwai haƙƙin marayu, ya kamata a tambayi malamai. Muka kwashi maganar muka kai wa Inna.

Ta saurare mu har muka gama, sa'an nan ta ce, "Wanda ya ja wa layi ya biya. Wanda bai ja wa ba, tun kafin ya tafi Hajji ya ce mini ya bar wa Allah, ni ce shaida. Ba ku bin kowa ko ƙwaya." Yaya ya ce shi ke nan, magana ta ƙare a wajensa. Ta juyo gare ni ta ce, "Kai kuma, me ya sa kake tsammani ya rufe shi da zana?"

Na ce, "Inna, hannunsa ne. Ba mu da wani."

Ta ce, "Hannunsa ne, amma asirin mutane ne. Gobe matarka za ta yi suna, mata su cika ɗakin nan, wata ta ɗaga kai ta ga sunan uwarta a bango da malwa biyu. Ka ga ka kyauta?"

Ban amsa ba, kuma ban yarda nan take ba. Na yi mako guda ina kai da kawowa, ina ce wa kaina ai yawancin matan yanzu ba su iya karanta ajami ba. Ana cikin haka, ashe ɗaya daga cikin leburori ya kai labari gari. Wata ranar Alhamis bayan magariba sai ga wata tsohuwa ta yi sallama, tana dogara sanda, jikarta tana biye da ita da ƙwarya a ka. Na san ta, 'ya'yanta manyan mutane ne a unguwa yanzu, ɗaya yana da motocin haya. Ta ƙi shiga, ta tsaya a bakin ƙofa ta rage murya ta ce, "Ɗan nan, an ce sunana yana bangon babanka. Malwa uku ne, ban manta ba. Ga shi na kawo."

Kunya ta rufe ni. Na ce, "Iya, Baba ya yafe tun yana da rai, ki koma da abinki." Ta ce ita ba za ta koma da shi ba. Inna ta fito ta karɓi ƙwaryar da hannu biyu, ta yi mata godiya, ta raka ta har bakin hanya. Da ta dawo ta ce mini, "Mutum ya ɗauko kaya shekara talatin, ya zo saukewa, ba a hana shi." Da safe aka kai dawar makarantar allo sadaka. A ranar na kira magini. Na ce ya bar Bisimilla da shekarar, sauran duka ya shafe. Ban kwafi suna ko ɗaya ba, kuma na yi ƙoƙari in manta waɗanda na karanta. Har yau wanda ya shigo ɗakin zai ga ɗan murabba'i a bangon gabas wanda fenti bai taɓa ba, in ya tambaya sai in ce rubutun Baba ne, in yi shiru.

A wannan na bi maganar manya na dace. A wani wurin kuwa ban tambayi kowa ba, na yi kuskure. Kuɗi sun ƙare mini ana tsakiyar aiki, ga siminti ga ƙofofi ba a saya ba. Masu sayen tsohon ƙarfe suka zo suka taya injin, ba a matsayin inji ba, a matsayin nauyi. Na ce a raina me zan yi da shi, zamaninsa ya wuce. Suka zo da guduma da amalanke, suka kwance shi gunduwa-gunduwa, suka ɗora a sikeli. Ran nan Inna ba ta fito daga ɗaki ba, ko abincin rana ba ta ci ba. Kuɗin ya saya mini ƙofofi uku da buhun siminti goma sha biyu, na ga kamar na yi dabara.

Muka tare, shekaru suka wuce lafiya, masu dariya suka gaji suka daina. Sai ranar 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya ɓarke a Hartum. A watan Disamba na shekarar Madani ta faɗi, mutane suka kwararo gabas a motoci da tarakta da ƙafa. A dare ɗaya Gwaggonmu ta iso da 'ya'yanta da jikoki, su goma sha ɗaya, ba su da komai sai kayan jikinsu. A tsakiyar 2024 da faɗa ya kai Sinja da kewayenta, wasu dangin suka ƙaru daga wajen Sinnar. Akwai lokacin da muka kai mutum ashirin da shida a gidan nan. Filin tsakiya da ake cewa ya yi girma, shi muka rarraba da labule da zannuwa ya ɗauki iyali uku. Kwarmin ruwan inji shi ya shayar da mu a lokacin da kuɗin gangar ruwa ya fi ƙarfin malamin makaranta. Makarantu sun rufe, azuzuwa sun cika da 'yan gudun hijira, albashi ya yi watanni bai zo ba. Don kada yara su lalace, na riƙa tara su da safe a kewayen dandamalin inji ina koya musu lissafi da karatu. Jikokin Gwaggo da suka zo ba su jin Hausa sai "sannu", Inna kuwa ta ƙi yi musu Larabci, kafin shekara ta zagayo sun iya har da zagi.

A farkon 2025 aka kai hare-hare kan tashoshin wutar lantarki, gari ya yi kwanaki cikin duhu. Injunan niƙa na lantarki duk suka tsaya. 'Yan kaɗan masu aiki da man dizal da suka rage a gari, layinsu tun asuba har dare. Ga dawa a buhu, a garin da ake kira rumbun Sudan, ga yara suna kukan yunwa, ba gari. Inna ta sa aka tono tsohon dutsen niƙanta na hannu daga bayan ɗaki, mata suka riƙa karɓa-karɓa a durƙushe har tafin hannunsu ya yi ƙanta. Ina zaune a kan dandamalin da babu inji, ina jin gurzar dutse, na tuna buhun siminti goma sha biyu. Inna ba ta ce mini komai ba, da ma ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Da na sani ƙeya ce.

Cikin waɗanda suka sauka a makarantarmu akwai wani dattijo malamin Faransanci daga Hartum, muka saba, yakan zo shan shayi da la'asar. Ranar da na ba shi labarin gidan, ya yi murmushi ya ce, "Ustaz, ka san a Faransa sai mai hali ne yake zama a irin gidanka?" Ya ce a ƙauyukansu akwai tsofaffin gidajen niƙa masu yawa, wasu ruwan rafi ke juya su, wasu iska, da zamani ya wuce su sai mutanen birni suka riƙa saye suna gyarawa, suna barin dutsen niƙa da ƙafar ruwa don ado. Ya ba ni labarin wani marubucinsu, Alphonse Daudet, wanda a 1869 ya fitar da littafin labarai da ya yi kamar daga cikin wani tsohon gidan niƙa na kudancin ƙasar yake rubuto su, alhali bai taɓa zama a cikinsa ba, kuma a ciki har da labarin wani tsoho mai niƙa da injunan tururi suka ƙwace wa kasuwa. Na ce masa to ni na fi marubucin nan, domin ni da gaske nake kwana a ciki, kuma rashi ne ya shigar da ni. Muka yi dariya. Amma bayan ya tafi na yi ta tunanin tsohon nan. Ashe abin da ya sami Baba ya sami wasu tun kafin a haifi kakansa. Injin Baba ma ai shi ya kashe dutsen hannu na su Inna, da waƙoƙin da mata suke yi a kansa, sa'an nan lantarki ya kashe shi, sa'an nan yaƙi ya zo ya mayar da mu kan dutsen hannu.

Bayan sojoji sun karɓe Madani a watan Janairu na 2025, da Hartum a watan Maris, baƙinmu suka fara komawa kaɗan-kaɗan, wasu suka tarar da gidajensu an kwashe har ƙofofi. Gwaggo ta ƙi tafiya, ta ce ita ta gama tafiye-tafiye, tana nan tare da Inna a ɗaki ɗaya. Mun cire labulen, amma kusoshin da aka ɗaura igiya suna nan a bango, maiɗakina ta ce a bar su, ba a san gobe ba. Bashin 'yan'uwa kuma saura kaɗan in gama biya. Yaya da kansa, ranar da ya zo ya ga mutum ashirin da shida suna cin tuwo a inda ya so a jibge buhuna, ya ce mini, "Malam, Allah Ya yi maka albarka," bai ƙara komai ba, ni ma ban nemi ƙari ba.

Shawarata ga 'yan'uwa, musamman matasa da gado yake faɗowa hannunsu a wannan lokaci na tsanani, ita ce kada a yi gaggawa. Tsofaffin tahunoni da wuraren matsar man riɗi da rumbuna da iyayenmu suka bari a Gadarif da Kasala da Mai Wurno da sauran garuruwa, kafin a kira mai saye a shiga a duba harsashinsu, a tambayi tsofaffin da suka rage abin da suka sani game da wurin. In ya zama dole a sayar, ba laifi, talauci ba ya jin roƙo, amma a yi shawara tukuna. Ni na yi shawara a kan bango na tsira, na ƙi yi a kan inji ina cizon yatsa har yau. Yanzu haka ina cigiya, in akwai mai karatu da ya san inda tsohon Lister mai silinda ɗaya yake kwance ba a amfani da shi, ko da ya lalace, ya aiko da saƙo ta hannun masu wannan mujalla. Akwai wuri a bayan gida, kuma ɗana na biyu yana da hannun gyara.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu. Amin.